Mai Alli Ya Zana Yayansa

A kamfanin katifa da ke ƙarshen layin masana'antu ma'aikata ɗari biyu da goma sha biyu ne, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai san Mai Alli ba. Aikin da aka ɗauke shi yi shi ne yankan soso. Yana tsaye gaban inji awa takwas, yana tura curin soso mai tsawon mutum biyu, zarto yana fitar da shi falle-falle, inci huɗu, inci shida, inci goma. Ranar da wuta ba ta yi gardama ba yakan fitar da falle ɗari da arba'in. Shekara goma sha bakwai yana wannan aiki da yatsunsa goma cif, abin da mutum uku a sashensu ba za su iya cewa ba. Amma ba don yanka aka san shi ba.

A ɗakin cin abinci akwai wani baƙin allo, ƙafa huɗu a tsaye, shida a kwance. Da can a kansa ake rubuta masu aikin safe da masu aikin rana. Da ofis ya koma buga jadawali a takarda, sai allon ya zauna haka nan, da kwalin alli a ƙarƙashinsa, guda ɗari, ko ɓare shi ba a yi ba. Wata Litinin layin abinci ya ƙi motsi, sai Mai Alli ya zari alli guda ya zana mai dafa musu abinci: ga ta da ludayi ƙanƙane kamar cokalin shayi, hannu yana karkarwa don kada tsoka ta biyu ta kuskure ta faɗa kwanon wani. Minti goma sha biyu ya yi yana zanen, ya rubuta layi biyu na zambo a ƙasa. Mutum sittin suka bar layi suka zo kallo. Ita ma ta fito tana goge hannu, ta duba, ta ja masa Allah ya isa, sannan ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Ranar kowa ya sami tsoka biyu.

Daga nan abin ya zama aiki. Kowace Litinin a hutun rana mutum guda yana hawa allo, ya kwana biyar a can. Ba wanda ya zauna ya rubuta ƙa'ida, amma kowa ya san ta. Ba a gogewa sai ranar Asabar. Wanda aka zana ba shi da izinin fushi, sai dai ya rama da baki, kuma ana ba shi fili ya rama. Babbar ƙa'idar ita ce ba a zana wanda ba ya cin abinci a ɗakin. Mai Alli da kansa ya kafa ta, yana kuma alfahari da ita. Ya ce abin da aka yi wa mutum a gaban idonsa wasa ne, wanda aka yi a bayan idonsa gulma ce, shi kuwa ba magulmaci ba ne. Manyan kamfani a sama suke cin nasu abincin, matakala ashirin da biyu daga ƙasa. Saboda haka shekara tara allon yana aiki, zane ɗari huɗu da talatin da wani abu, ba a taɓa ganin ɗaya daga cikin manyan nan masu ɗaure wuya a kansa ba.

In aka tambaye shi sirrin abin, yakan ce gaskiya ɗaya ake nema, a ɗora mata ƙari tara. Direban da ya makara sau biyu a wata, sai a zana shi yana isowa da furfura, motar ta tsiro ciyawa. Telan da ke yawan zuwa banɗaki, sai a kai masa keken ɗinkinsa can. In babu gaskiyar nan guda ɗaya ba wanda zai yi dariya, in kuma babu ƙarin tara wa'azi ne, kuma ba wanda yake barin abincinsa ya je jin wa'azi.

Mutum ɗaya ne a ɗakin bai taɓa hawa allo ba, shi ne mai kula da sito, wanda duk kamfanin ke kira Yaya domin da sunan nan Mai Alli yake kiransa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shekara goma sha huɗu a tsakani. Mahaifinsu ya rasu Mai Alli yana ɗan shekara tara, Yaya ya ɗauke shi ya sa a ɗakinsa, ya biya masa makaranta har aji uku na sakandare, inda karatun ya tsaya don kan yaron ya fi zama a bayan littafi, wurin da babu layi. Sau ɗaya tak Yaya ya taɓa dukansa, ranar da ya zana mai gidan hayarsu da gawayi a bangon zaure, aka kusa korarsu. Da Yaya ya yi aure, matarsa ta same shi a gidan, ta yi masa wanki shekara shida, har yau kuma in ta so tsokana takan kira shi ɗan farinta. Yaya ne ya kawo shi kamfanin, ya tsaya masa, ya sa hannu a takarda.

Shi Yaya shekara ashirin da takwas yana wurin. Goma sha biyar na farko dako ya yi, katifa biyu a ka, daga sashen ɗinki zuwa bayan mota. Goma sha uku na baya yana riƙe da makullin sito, kuma a cikinsu ko matashin kai guda bai taɓa ɓata ba. Saura masa shekara biyu ya cika talatin ya fita da cikakkiyar sallama. Abin da dakon ya bar masa shi ne baya. Likita ya ce ya riƙa miƙewa a ƙasa mai tauri minti ashirin da tsakar rana, in ba haka ba wata rana ƙafar hagu za ta ƙi bin umarni. Don haka kullum a hutun rana yakan ci abincinsa da sauri, ya koma sito, ya kulle ƙofa ta ciki, ya shimfiɗa kwali a bayan layi na tara, ya kwanta. Katifa dubu ɗaya da ɗari biyu a kewaye da shi, shi yana kan kwali. Ya ce kayan mutane ne. Mutum biyu suka san da wannan, matarsa da ƙaninsa.

A shekara ta takwas ta allon aka kawo sabon manaja, matashi, mai saurin tafiya da saurin gaisuwa. Satinsa na biyu ya leƙo ɗakin cin abinci, ya ga allo, ya tsaya, ya tuntsire da dariya. Ya tambayi wanda ya yi, aka nuna masa, ya kama hannun Mai Alli da hannu biyu ya ce wannan baiwa ce. Ya ciro waya ya ɗauki hoto. Tun daga ranar, kowace Litinin ƙarfe ɗaya da rabi sai ya sauko, ya yi dariya, ya ɗauki hoto, ya tambayi sunan mutumin da sashensa, ya koma sama. Bai taɓa zama ya ci ko loma ɗaya ba. Mai Alli ya ƙirga, sau hamsin da takwas. Ya fara sa riga mai guga ranar Litinin. Ya sayi alli mai launi da kuɗinsa, ja da shuɗi da rawaya.

Su kuwa abokan aiki sun daɗe suna yi masa ciwon baki a kan Yaya. Wani tela mai ƙaton ciki, wanda ya hau allo sau biyar, shi ya fi matsawa. Ya ce allin Mai Alli yana da ido, ya san gidan da ba ya shiga. Ya ce an zana mai shara, an zana mai gadi, an zana har wanda ya zo aikin wata uku ya tafi, amma akwai wani bawan Allah da ba ya tuntuɓe, ba ya atishawa, ko ƙuda ba ya sauka a kansa. Wata rana a gaban tebur cike ya ce, "Ko dai tsoron bulala kake yi har yanzu? Faɗa mana mu sani, mu daina ganin laifinka."

Aka yi dariya, kuma karo na farko ba shi ya jawo ta ba. Ya koma gida yana juya maganar. Mutumin da ya kafa ƙa'ida don adalci, a ce ya keɓe nasa? Ya duba Yaya sama da ƙasa yana neman gaskiyar nan guda ɗaya. Yaya ba ya makara, ba ya surutu, ba ya cin bashin kowa, ba ya ko ɗaga murya. Abu ɗaya ne kawai, kuma a bayan layi na tara yake.

Litinin ta zo ya zana shi. Katifa bakwai a jere, ɗaya kan ɗaya, Yaya a can ƙololuwa ya baje, baki buɗe, makullin sito yana rataye a babban yatsan ƙafarsa. A ƙasa ɓarayi uku suna sanɗa da katifu a ka, na ukun ya tsaya yana gyara wa Yaya bargo. Ya rubuta da jan alli:

Mai sito yana ɗanɗana kaya,
Ɓarawo taka sannu, kar ka tashi Yaya.

Duk wanda yake wurin ya ce ba a taɓa yin kamarsa ba. Wata mai ɗinki ta ƙware da ruwa sai da aka bubbuga mata baya. Telan nan ya taso ya ɗaga hannun Mai Alli sama. Yaya ya zo da kwanonsa, aka buɗe masa hanya, ya tsaya ya duba tun daga sama har ƙasa. Ya yi murmushi. Aka ce ya rama, ƙa'ida ce. Ya ce ba shi da abin faɗa, sai dai yaron ya manta bai sa masa tabarau ba. Ya gama cin abincinsa ya koma sito. Ƙarfe ɗaya da rabi manaja ya sauko, ya yi dariya har da share hawaye, ya tambayi suna da sashe.

Bayan wata huɗu aka sauke sabon inji a kan babbar mota. Yana yanka, yana lulluɓewa, yana ɗinke baki, mutum huɗu sun ishe shi. Kafin a gama ɗaure masa ƙusoshi magana ta zagaya cewa za a rage mutane. Ranar Alhamis aka liƙa takarda a bakin ƙofa, suna talatin da ɗaya, wa'adi ƙarshen wata, kwana goma sha tara. Mai Alli ya kutsa ya bi ta da yatsa yana neman nasa. Babu. Ya sauke numfashi, ya sake bi daga sama a hankali don ya ga waɗanda abin ya faɗa wa. Direba. Telan banɗaki. Telan mai ciki. Mai abinci. Na goma sha bakwai Yaya.

Kan mutumin da ya saba ƙirga ba ya jiran izini. Kafin ya kai ƙasan takardar ya riga ya haɗa: a cikin talatin da ɗaya, ashirin da uku sun hau allo tun zuwan manaja. Ya ce wa kansa ai kusan kowa ya taɓa hawa. Ya sake lissafawa. Mutum hamsin da takwas a cikin ɗari biyu da goma sha biyu, su suka ba da ashirin da uku. Sauran ɗari da hamsin da huɗu, takwas kawai suka bayar.

Washegari ya hau sama. Sakatariyar manaja dattijuwa ce da ta ga manajoji biyar sun zo sun tafi, kuma ta san Yaya tun yana dako. Da ganinsa ta juyo da fuskar kwamfutarta wajensa ta tashi ta tafi haɗa shayi. Ga hotunan allonsa a jere, kowanne da kwanan wata da suna da sashe. A gefen kowane hoto akwai gurbi an cike shi: yawan makara, barin wurin aiki, rowar kayan ma'aikata. A gefen na Yaya an rubuta barci a bakin aiki da sakaci da kayan kamfani. A ƙarƙashin duka akwai jimla guda da aka maimaita, wai bisa shaidar abokan aikinsa.

Manaja ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi kujera. Mai Alli ya yi bayani dalla-dalla, yana lanƙwasa yatsu. Kwanciyar a lokacin hutu ce. Minti ashirin ce. A kan kwali ce, ba katifa ba. Likita ne ya sa. Ɓarayin nan uku daga kansa ya ƙirƙiro su, a duba littafin sito, shekara goma sha uku babu abin da ya ɓata. Manaja ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce shi baƙo ne, bai san mutanen nan ba, an ba shi adadi an ce ya cike. Da ya bi takardun ofis kowa mutumin kirki ne, don kowane shugaban sashe yana rufa wa nasa asiri. Allon ne kaɗai wurin da ma'aikata suke faɗin gaskiya a kan junansu, kuma ya ga yadda ɗakin yake amsawa. Mutane ɗari ba sa yi wa ƙarya dariya haka. Ya ƙara da cewa bai ma san da ciwon bayan ba, kuma ya gode da aka gaya masa, don mai ciwon baya bai kamata a bar shi a sito ba tun farko.

Mai Alli ya ji kamar ya haɗiye harshensa. Ya ce saura shekara biyu mutumin ya cika talatin.

Manaja ya jawo takardar ya ɗora biro a kanta. Ya ce, "To, ba na ƙin taimako. Talatin da ɗaya aka ce, ba talatin ba. In na cire shi, wa zan sa? Ka fi ni sanin su. Ba ni suna ɗaya."

Sunaye sun fi ɗari a bakinsa, ya san mai satar zare, ya san mai buga wa abokinsa katin shigowa. Akwai kuma suna guda da ya fi kowanne kusa, wanda ba ya buƙatar tunani, wato nasa. Ya tuna 'ya'yansa biyar, babbar tana aji shida, ƙaramin ba a yaye shi ba. Ya tuna shekara arba'in da uku gare shi, kuma sabon injin ya iya yanka. Agogon bango ya yi tafiyarsa. Shi da ya saba cike allo a minti goma sha biyu, ya yi minti biyu cur bai ba da suna ko ɗaya ba. Manaja ya ɗauke biron, ya ce ya je ya yi tunani, ƙofa a buɗe take. Ya sauko matakala ashirin da biyun.

Ranar Litinin ya karya ƙa'idarsa. Ya zana manaja da kai kamar tulu da ƙafafu kamar tsinke, yana tsaye a kan wuyan ma'aikata, waya a hannu ɗaya, almakashi a ɗayan, yana yanke mutane kamar zare yana dariya. Ya ƙarar da jan alli biyu a kan haƙoran kaɗai. Minti ashirin da biyar ya yi. Ya juyo. Ɗakin cike yake, amma cokula kawai ake ji. Waɗanda ke cikin takarda ba su ɗago ba, waɗanda ba sa ciki sun fi su sunkuyawa. Telan mai ciki ya ce, ba tare da ya dube shi ba, ai da tuni aka fara daga nan.

Ya tsaya a gefen allon yana jiran ƙarfe ɗaya da rabi, ya riga ya shirya. In an kore shi, an sami suna na talatin da ɗaya ke nan ba tare da ya furta shi da bakinsa ba. Manaja ya sauko, ya duba, sannan ya fashe da dariyar da ta fi ta kullum. Ya ce a ƙarshe dai an karɓe shi a gidan. Ya tsaya kusa da zanen ya miƙa wa Mai Alli wayar ya ce ya ɗauke su tare. Ya sa aka kawo farar takarda babba, ya ce a sake yi masa a kanta don alli ba ya daɗewa. Kafin sati ya ƙare an sa ta a gilashi an rataye a bayan kujerarsa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, a ce ga irin 'yancin da ma'aikata ke da shi a nan.

Har a mujallar kamfani aka buga. Sakatariya ta nuna wa Mai Alli shafin, ga hotonsa da rigar guga, ga bayani da Turanci. Ya bi da ido ya tsaya a kan wata kalma mai baƙi bakwai da bai taɓa gani ba, ya tambaye ta. Ta ce ita ce sunan abin da yake yi, wato a fito da mutum fili a yi masa ba'a, a kumbura aibinsa har jama'a su yi dariya, ko da zane ko da rubutu. Ya ce to ai zambo ke nan. Ta ce kusan haka, sai dai su masu harshen sun fi amfani da ita in babba aka yi wa, shugaba ko attajiri, wanda ba a iya faɗa masa magana kai tsaye. Ya tambaya, in kuma ƙarami aka yi wa fa, mai dako ko mai abinci? Ta cire tabaraunta ta goge. Ta ce wannan ba ta san me suke ce masa ba, ta dai san abin da yake jawowa.

A cikin kwanakin nan goma sha tara sau huɗu yana zuwa bakin sito, sau huɗu yana juyawa. Yaya bai neme shi ba. Ranar ƙarshe ya ga Yaya ya ƙirga kaya tare da wanda zai gaje shi, layi-layi, har dubu ɗaya da ɗari biyu da shida, ya sa hannu, ya miƙa makulli. Ya naɗe kwalinsa ya kai wurin shara da kansa. A bakin ƙofa suka haɗu. Mai Alli ya fara magana, ya ce Yaya wallahi bai san abin zai kai nan ba. Yaya ya ce ya sani. Ya ce ya koma bakin injinsa, an kusa kaɗa ƙararrawa, kada a rubuta shi.

Kamfani ya cire baƙin allon ya kafa fari mai sheƙi, da alƙaluma kala huɗu, aka ce kyauta ce ga Mai Alli. Manaja ya ce kada a bar al'adar ta mutu. Bai ce a'a ba, mai 'ya'ya biyar ba ya cewa a'a a watan da aka sallami talatin da ɗaya. Ya koma zana injuna, da motar kamfani, da kyanwar da ke kwana a bakin sito. Ba wanda ke barin layi. Abin da ya fi lura da shi shi ne yadda mutane suke yi in ya ratsa sashe: mai hamma ya rufe baki, mai jingine ya miƙe, masu hira su rabu. A teburinsa na mutum takwas, shi da wani kurma ne suke ci. Yau shekara uku ke nan, yana nan yana yanka, a tsohon injin da aka bari don katifun da aka yi oda na musamman.

Gidan Yaya kuwa bai daina zuwa ba. Duk ranar hutu yakan hau mota biyu ya je, da 'yar leda a hannu. Yaya ya nemi aiki wuri shida, ba wanda ke ɗaukar ɗan shekara hamsin da bakwai mai jan ƙafa. Ƙafar hagun ta fara abin da likita ya faɗa. Amma duk lokacin da Mai Alli ya yi sallama, zai tarar da shi zaune a kan kujerar katako, baya a miƙe, hula a kai, tabarau a ido. Su gaisa. Yaya ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi aiki, ya tambayi ko an gyara rufin sito. Bai taɓa ɗaga maganar ba, bai taɓa canza fuska ba. Mai Alli yakan zauna awa biyu, ya koma gida yana gaya wa matarsa ai Yaya da sauƙi, ya ma fi shi zama daram.

Wata rana da ya fito, matar Yaya ta biyo shi har bakin ƙofa, ta ja ƙyauren ta rufe a bayanta. Ba ta kira shi ɗan farinta ba. Ta ce tana da roƙo, kuma kada ya ɗauke shi da wata manufa.

"Ka riƙa taƙaita zaman nan," in ji ta. "Yini yake a kwance, zama ba ya yi masa. Da ya ji muryarka a waje sai ya ce in ɗaga shi in sa masa hula. In ka tafi, sai na kira maƙwabci mu kwantar da shi, ranar kuma ba ya iya cin abinci."

Ya ce ai shi ne, ba baƙo ba, me zai hana Yaya ya kwanta a gabansa?

Ta dube shi kamar yadda take dubansa yana yaro in ya yi tambayar da ya san amsarta. Ta ce a gaban kowa yana kwanciya, har mai kawo ruwa.

Tun daga ranar yake duba agogo kafin ya yi sallama. Ya fara da rabin awa, ya ga gumi yana tsattsafowa a goshin Yaya tun a minti na ashirin. Ya rage zuwa kwata. Yanzu minti goma yake yi: uku na gaisuwa, biyar na yara, biyu na sallama. Ya taɓa tunanin ya daina zuwa gaba ɗaya, mutumin ya huta, sai matar ta ce in sati ya wuce bai zo ba Yaya yakan tambaya ko lafiya. Don haka yana zuwa. Mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, awa ɗaya da minti hamsin a hanya. In ya fito ba ya tsayawa ɗaure igiyar takalmansa a bakin ƙofa, yakan riƙo su a hannu har kan kwana, don a samu a kwantar da Yaya da wuri.